Cinikin Tambayoyin Sata Da Darajar Takardar Shaidar Masu Tsaron Kwamfuta

A zamanin nan dukiyar mutane da asirinsu sun koma cikin kwamfuta. Kuɗin da mutum ya ajiye a banki, da labarin ciwon da ya kai shi asibiti, da lissafin albashin ma'aikatan Gwamnati, duk a rubuce su ke cikin waɗannan na'urori. Na'urorin kuwa a haɗe su ke da juna ta intanet, har ɓarawo yana iya zama a wata ƙasa ya zura hannu cikin taskar wata. Saboda haka wata sana'a ta tashi wadda a ke kira tsaron bayanai. Masu yinta su ne 'yan gadin wannan taska, su ne ke toshe kafofi, su lura da masu kutse, su kuma gyara ɓarna in ta auku.

To, mai neman ɗan gadin gida yana iya duban ƙarfinsa da ido, ya kuma tambayi mai unguwa halinsa. Amma shugaban banki ko na asibiti, wanda bai san kan kwamfuta ba, ta yaya zai rarrabe gwani da mai cika baki? Dalilin ke nan da ya sa aka kafa ƙungiyoyi masu yi wa mutane jarrabawa, su ba wanda ya ci takardar shaida. Abin da mu ke so mu jawo hankalin masu karatu gare shi yau shi ne cinikin tambayoyin waɗannan jarrabawa a ɓoye, da irin ɓarnar da ya ke yi wa takardun.

Manyan Takardu

Cikin takardun da suka yi suna akwai wadda a ke kira CISSP, ta wata ƙungiya mai suna ISC2 da aka kafa a Amurka cikin 1989. An fara ba da ita cikin 1994. Ba a ba mutum sai ya ci jarrabawa, ya nuna ya shekara 5 yana aikin, sa'an nan wani wanda ya riga ya mallake ta ya tsaya masa shaida. Kuɗin zama jarrabawar kaɗai ya haura dala 700. Akwai kuma Security+, ta ƙungiyar CompTIA, wadda aka fara cikin 2002, ita ce ta sababbin shiga. Tambayoyinta ba su wuce 90 ba, a kan amsa su cikin minti 90, kuma sai mutum ya sami maki 750 daga cikin 900 a ce ya ci. Dukansu biyu shekara 3 su ke yi a sabunta su.

Abin da ya ƙara musu kasuwa shi ne wani umurni mai lamba 8570 da Ma'aikatar Tsaro ta Amurka ta bayar cikin 2004, wanda ya sa duk mai aikin tsaron kwamfutocinta, soja ne ko ɗan kwangila, sai ya riƙe ɗaya daga cikin takardun da ta yarda da su. Daga baya an maye gurbinsa da wani mai lamba 8140, amma al'adar ta riga ta kafu, kamfanoni a ƙasashe da yawa suna sa sunayen takardun cikin sharuɗɗan ɗaukar aiki. Har samarinmu ma suna zama waɗannan jarrabawa a ɗakunan kamfanin Pearson VUE da ke Ikko da Abuja. Takarda ta zama mabuɗin aiki mai albashi mai kauri, inda kuwa mabuɗi ya yi tsada ba a rasa mai ƙera na jabu.

Yadda A Ke Satar

Shirya tambaya ɗaya mai kyau aiki ne mai cin lokaci da kuɗi, sai gwanaye sun rubuta ta, an gwada ta a kan mutane da yawa an ga nauyinta. Don haka kowace ƙungiya tana da rumbun tambayoyi wanda ta ke ɗiba daga ciki, tambaya ɗaya ta yi ta fitowa wata da watanni. Kafin mutum ya fara jarrabawa sai ya yi alkawari ba zai faɗa wa kowa abin da ya gani ba. A nan ne ɓarayi suka sami kafa. Wani ya kan shiga don haddacewa kawai, da ya fito ya zauna ya rubuta duk abin da ya tuna, shi ya sa Turawa suka laƙaba wa irin wannan kundi suna mai ma'anar juyen ƙwaƙwalwa. Wani ya kan ɓoye ƙaramar na'urar ɗaukar hoto, wani kuwa ya haɗa baki da mai kula da ɗakin jarrabawa. Sa'an nan 'yan kasuwa su tattara, su sa wa kundin suna tambayoyin gwaji, su sayar ta intanet, har da alkawarin mayar da kuɗi in mutum ya faɗi.

Lalle akwai tambayoyin gwaji na halal, waɗanda malamai ke shiryawa daga kansu don ɗalibi ya auna saninsa. Alamar na sata ita ce mai sayarwa ya yi ta alfahari cewa tambayoyinsa su ne ainihin waɗanda za su fito. Ga kuma wani abu da masu saye ba su cika lura da shi ba: jarrabawa ba ta nuna wa mai zamanta amsar da ke daidai. Watau ɓarawo tambaya ya sato, amsa kuwa sau da yawa cinta ya yi, har a kan sami mutum ya kwana yana haddace kuskure.

Wannan ciniki ya daɗe. Cikin 2002 wani mutum a jihar Washington ta Amurka ya amsa laifin sayar da tambayoyin jarrabawar injiniyoyi ta kamfanin Microsoft, waɗanda ya ke saye daga wani a Pakistan mai ɗaukar hotonsu. Farkon 2003 alƙali ya ɗaure shi shekara 1 da kwana 1, ya sa shi biyan diyyar dala 500,000, ya kuma rasa motocinsa biyu na alfarma. Cikin 2006 Microsoft ya kai ƙarar wani babban shafin sayar da tambayoyi mai suna TestKing, aka daidaita cikin 2007. A waɗannan shekaru ne takardar ta yi araha a idon masu ɗaukar aiki, har a ke yi wa waɗansu masu riƙe da ita ba'a a ce injiniyoyin takarda.

Masu tsaron bayanai ma abin bai bar su ba. Cikin watan Agusta 2020 ba a manta da abin da ya faru a Ingila ba, lokacin da wani ya watsa a shafin GitHub takardun horo na cikin gida na kamfanin NCC Group, cikinsu har da bayani kan jarrabawar wata ƙungiya mai suna CREST, wadda ke ba masu gwajin kutse shaida. Ƙungiyar ta sa aka yi bincike, cikin 2021 ta ba da sanarwa cewa tsakanin 2012 da 2014 an saɓa wa ƙa'idojin jarrabawarta, alhakin kuwa ya hau kan kamfanin tun da ma'aikatansa ne.

Wa Ya Yi Hasara?

Na fari shi ne ɗalibin kirki wanda ya yi wata shida yana karatu. Takardarsa da ta mai sata iri ɗaya ce, ba a rubuta a jikinta yadda aka same ta ba. Duk sa'ad da mai ɗaukar aiki ya ci karo da ɗaya wanda bai iya kome ba, sai ya fara shakkar sauran. Na biyu shi ne mai ɗaukar aikin, da jama'ar da asirinsu ke hannunsa. Cikin watan Mayu 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutocin asibitoci da yawa a Ingila, har aka soke ganin likita wajen 19,000, alhali kuwa Microsoft ya fid da maganin kafar tun watan Maris. A irin wannan rana matsala ba ta zuwa da amsa huɗu a ce zaɓi ɗaya, sai wanda ya san aikin da hannunsa. Na uku shi ne mai sayen kansa. Ƙungiyoyi suna duba ƙididdigar amsoshi, in suka ga mutum ya amsa tambayoyi masu wuya cikin ƙiftawar ido, ko kuskurensa ya zo daidai da na kundin sata, suna iya soke sakamakonsa su hana shi sake zama. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Magani

Masu jarrabawa ba su naɗe hannu ba. Tun ƙarshen 2017 jarrabawar CISSP ta Turanci ta koma irin wadda kwamfuta ke zaɓo wa mutum tambaya gwargwadon yadda ya amsa ta baya, don haka da wuya mutum biyu su ga abu ɗaya. A ƙofar ɗaki kuma a kan ɗauki hoton mutum da na jijiyoyin tafin hannunsa, don kada wani ya zauna wa wani. Waɗansu kuwa suka ɗauki hanyar gwaji da aiki. A jarrabawar OSCP a kan ba mutum kusan sa'a 24 ya kutsa cikin kwamfutocin da aka tanada, sa'an nan ya rubuta rahoton yadda ya yi, kuma tun 2018 ana kallonsa ta na'urar hoto. Ko ita ma an watsa asirin waɗansu kwamfutocinta cikin 2019, amma aka janye su aka ci gaba da waɗansu, gama abin da a ke aunawa iyawa ce, ita kuwa ba ta satuwa.

Ashe darajar takardar shaida tana tafiya ne da wuyar samunta ta hanyar ha'inci. Saurayin da ya biya kuɗi ya sayi tambayoyin sata, da hannunsa ya rage darajar abin da ya ke nema. Shawararmu ga samari ita ce su sayi littattafan da ƙungiyoyin suka yarda da su, su haɗa kwamfuta biyu ko uku a gida su yi ta gwaji har hannu ya faɗa. Ga masu ɗaukar aiki kuwa, takarda ta isa a kira mutum ganawa, amma kafin a danƙa masa mabuɗin taska sai a zaunar da shi gaban kwamfuta, a ba shi matsala ta gaske, a ga yadda zai yi da ita.