KOTO DA ƘUGIYA: SANA'AR SU A MADATSAR GUBI TA BAUCHI

Mutanen Bauchi mazauna Ikko da Badun da sauran garuruwan Kudu sun san cewa garinsu ba na bakin babban kogi ba ne. Amma madatsar ruwa ta Gubi, wadda ke arewa da gari, ta zama wurin neman abinci ga masunta, ban da ruwan famfo da take bai wa unguwanni irin su Gwallaga da Wunti. Tarwaɗa da karfasa su ne kifayen da aka fi kamawa a irin wannan ruwa.

Ga mai fatsa, sirrin sana'a yana ga koto, watau abin da ake soka wa ƙugiya don ya yaudari kifi. Tana ita ce uwar koto. Akan soke ta daga kai, a bi da ita jikin ƙugiya har ƙarfen ya ɓuya, a bar wutsiyar tana motsi. Da farkon damina, lokacin da tarwaɗa ke hawowa gefen ruwa don zuba ƙwai, shinge da ƙananan kwaɗi sun fi ci. Karfasa kuwa bakinta ƙarami ne, sai ƙaramar ƙugiya da ɗan curin tuwo ko dusa. Wanda ya sa mata babbar ƙugiya, sai ta tsince koton ta bar shi da rana.

Turawa ma sun san wannan dabara. A 1949 wani Ba'amurke mai suna Nick Creme, a garin Akron, ya ƙera tana ta roba mai laushi. Masuntan can sukan juya bakin ƙugiya su nutsa shi cikin jikin robar, don kada ya maƙale a ciyawa, sai kifi ya haɗiya sannan a fizga. Amfaninta shi ne ba ta ruɓewa. Amma tarwaɗa da ƙanshi take neman abinci, saboda haka tana ta gaske ta fi ta roba a wurinta.

Abin da ke kashe wannan sana'a a ruwayen Arewa shi ne gaggawa. Mai zuba guba irin Gamalin, ko mai jefa raga mai ƙananan idanu, yakan kwashe uwa da 'ya'ya rana ɗaya, baɗi kuma kowa ya rasa. Dokar kamun kifi ta 1992 ta haramta su da guba ko nakiya. A Gubi kuwa abin ya wuce maganar kifi, domin ruwan nan shi jama'ar gari ke sha.

Don haka ɗan'uwan da ke Kudu, in zai aika wa ƙanensa jari, to ya sayo masa ƙugiyoyi manya da ƙanana da zare mai ƙarfi, ya kuma ja masa kunne ya riƙa mayar da ƙananan kifi ruwa. Allah ya sa albarka a nema.