Yis Mai Bijire wa Magani a Ɗakunan Jinya: Abin da Ya Shafi Gwarzo da Kabo

Manufar wannan takarda ita ce mu bayyana wata ƙwayar cuta dangin yis wadda likitoci ke kira Candida auris, sa'an nan mu nuna ta inda lamarinta ya shafi ƙasar Gwarzo da Kabo.

Cutar yis ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe, ko da bai san ta da wannan suna ba. Kyasbi yis ne ke kawo shi. Haka kuma farin nan da kan lulluɓe harshen jariri, da wani kaso na abin da mata ke kira ciwon sanyi, aikin Candida albicans ne. Waɗannan duka a fata ko a baki-baki suke tsayawa, kuma galibi suna jin magani. Ita kuwa wadda muke magana a kanta, a shekarar 2009 aka fara bayyana ta, bayan an same ta a kunnen wata tsohuwa a wani asibiti a Tokyo ta ƙasar Japan. Ma'anar auris da Latinanci ita ce kunne, amma ɓarnarta a jini take. A 2022 masu bincike suka buga rahoton samun ta a jinin wasu majinyata a Nijeriya, kuma a watan Oktoba na wannan shekara Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin huɗun da suka fi hatsari a jerin ƙwayoyi 19 na wannan dangi.

Mai lafiya yana iya ɗauke da ita a hammata ko matsematsi bai sani ba. Wanda take kayarwa shi ne wanda ya daɗe a kwance, ko mai ciwon sukari, ko jaririn da aka haifa bakwaini, musamman in an sa masa robar fitsari ko robar jijiya, domin ta nan take samun ƙofa zuwa jini. Alamarta kuwa zazzaɓi ne da rawar ɗari waɗanda suka ƙi sauka. To, a ƙasar da kowane zazzaɓi ake fara kai ƙararsa ga sauro, wa zai kawo yis a ransa?

Manyan magungunan da ake yaƙar yis da su a jini kashi uku ne kacal, saboda ginin ƙwayar yis ya yi kusa da ginin ƙwayar jikin mutum, watau abin da zai kashe ta yakan taɓa mai ita. Lissafin hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ya nuna kimanin kashi 90 cikin 100 na samfuran da aka gwada can ba sa jin fulukonazol, kusan kashi 30 kuma ba sa jin amfoterisin B. Saura dangin ekinokandin, masu tsada, waɗanda ta jijiya kaɗai ake ba da su. Fulukonazol kuwa shi ne wanda ake saya a kemis ba da takardar likita ba, a sha ƙwaya ɗaya ko biyu, ƙaiƙayi ya lafa, a ajiye. Haka muke yi da amfikulos da danginsa, alhali su bakteriya suke kashewa, har da masu amfani, su bar wa yis fili kamar gonar da aka yi wa sharar daji.

Gwarzo tana da nisan kimanin kilomita 70 daga birnin Kano. Ciwon da ya fi ƙarfin Babban Asibitin Gwarzo ko asibitin Kabo, Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ake tura shi, majinyaci kuma yakan dawo gida a ci gaba da wanke masa ciwo a kusa. A ƙasashen da cutar ta bazu, irin wannan kai da kawo tsakanin babban asibiti da ƙarami ita ce hanyar da ta bi. Bugu da ƙari, gwajin da aka saba yi yakan ɗauke ta a matsayin wata 'yar'uwarta, Candida haemulonii. Tantance ta sai da na'ura ta musamman. Saboda haka a ganinmu jiran sakamakon gwaji kafin a ɗauki mataki ba dabara ba ce a karkara.

Abin da ya faru a asibitin John Radcliffe na Okasfod a Ingila ya isa misali. Tsakanin 2015 da 2017 ƙwayar ta hau majinyata 70, galibinsu a sashe guda, aka bi sawu, sai aka tarar ma'aunin zafin jiki da ake sa wa a hammata, daga wannan gado zuwa wancan, shi ke yawo da ita. Ba a shawo kanta ba sai da aka janye ma'aunan. Takan yi makonni a raye a jikin katifa da ƙarfen gado da hannun ƙofa, kuma wasu magungunan goge ɗaki ba sa kashe ta, amma ruwan bilic mai sinadarin kulorin yana yi.

Wannan kuwa ba ya fin ƙarfin kowane asibiti namu: a goge ma'aunin zafi da na hawan jini tsakanin majinyaci da majinyaci, a cire roba da zarar buƙatarta ta ƙare, a ware gadon wanda ya dawo daga doguwar jinya a birni. Inda wuyar take shi ne al'adarmu ta jinya. Mai jinya yakan shimfiɗa tabarma a gindin gado, ya ari buta da kofin maƙwabci, ya taimaka a juya majinyacin da ba nasa ba, 'yan dubiya kuma su bi gado-gado suna musabaha. Hana wannan zumunci ba zai yiwu ba, ba ma kuma so a hana. Abin da muke roƙo shi ne ruwa da sabulu a ƙofar kowane ɗakin jinya, da ma'aikaci guda wanda aikinsa ne ya ce wa mai shiga da mai fita ya wanke hannu.