Hayar Gida a Ƙauyen Ingila: Uwargida, Ki Sa Baki Kafin a Sa Hannu

  

Yau za mu yi tafiya mai nisa muna zaune a ɗakunanmu. Wata 'yar'uwa ce ta aiko da tambaya, ta ce maigidanta malamin asibiti ne, ya sami aiki a Ingila, amma asibitin ba a Landan yake ba, yana can wani lungu ne. Ya ce zai kama musu haya a wani ƙauye kusa da wurin aikin, ita da yara su biyo baya. Shi ne take tambaya, me ya kamata ta sani? Na san ba ita kaɗai ba ce. Wata mijinta ne, wata ɗanta ne, wata kuma 'yarta ce za a kai. Sai dai a lura, tun daga shekarar 2024 gwamnatin Birtaniya ta hana yawancin ɗalibai da masu aikin kula da tsofaffi tafiya da iyali. Likitoci da malaman jinya kuwa dokar ta bar su.

To 'yar'uwa, maganata a yau guda ɗaya ce. Maigida zai fita da sassafe, sai dare ya dawo. Ke ce za ki wuni a cikin gidan nan, ke za ki sha sanyinsa, ke za ki ji kaɗaicinsa. Saboda haka kada a sa hannu a takarda sai kin yi tambayoyinki, cikin ladabi da lumana. Matambayi dai ba ya ɓata.

Mu fara da ƙauyen kansa. In an ce miki ƙauye, kada ki ɗauka irin namu ne. A can sau da yawa masu hannu da shuni ne da waɗanda suka yi ritaya suke komawa ƙauye su huta, don haka gidajen haya kaɗan ne, kuma ba lallai su fi na birni araha ba. Abin mamaki, a yankuna irin su Debon da Doset za ki ga gida mai rufin ciyawa, wato jinka, wanda a wurinmu sai a ce na talaka ne, amma a can abin alfahari ne, kuma da tsada. Irin waɗannan tsofaffin gidaje da yawa hukuma ta sa su cikin kayan tarihi, ko taga ba a canzawa sai da izini. A hoto suna da kyau ƙwarai, amma rufinsu ƙasa-ƙasa ne, tagoginsu ƙanana, sanyi kuma yana ratsa su.

Tambaya ta farko ke nan: da me ake ɗumama gidan? Kada ki raina wannan, domin sanyin Ingila ba irin hunturunmu ba ne na 'yan makonni. Daga wajen Oktoba har Afrilu ana cikinsa, a watan Disamba kuma kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi. Gidajen birni galibi an ja musu bututun gas. Ƙauyuka da yawa kuwa bututun bai kai can ba, sai ki tarar da wani ƙaton tanki a bayan gida, ana zuba masa kananzir, shi ne yake kunna tukunyar da ke ɗumama ɗakuna da ruwan wanka. Ba a sayensa kwalba-kwalba. Tanka ake kira, kuma yawanci ba sa kawo ƙasa da lita 500, kuɗin kuma a dunƙule ake biya. In aka yi sakaci ya ƙare a tsakiyar sanyi, sai ku yi kwanaki kuna jiran mota, ga yara suna rawar ɗari. Kuma akwai wata takarda da dole mai gida ya nuna, wadda take bayyana yadda gida yake riƙe ɗumi, an jera ta da haruffan boko daga A zuwa G. Mai A shi ne gwani, mai G shi ne rariya. Tun daga 2020 doka ta hana a ba da hayar gidan da ya gaza E, sai in yana da wani uzuri na musamman. Ki ce wa maigida ya duba harafin nan kafin ya duba fenti.

Inda akwai sanyi, to akwai danshi, danshi kuma shi ke haifar da funfuna, baƙi-baƙin nan da ke fitowa a bango da bayan kwaba. Ba ƙazanta kaɗai ba ce, tana taɓa ƙirjin yara. A watan Disamba na 2020 wani yaro ɗan shekara biyu, Awaab Ishak, wanda iyayensa 'yan asalin Sudan ne, ya rasu a garin Rocdel, kuma bincike ya tabbatar funfunar gidan da suke haya ce sanadi. Allah ya jiƙansa. Har doka aka yi da sunansa, ta fara aiki a gidajen hayar hukuma a Oktoba 2025. Saboda haka ranar da aka je ganin gida a leƙa kusurwoyi da gefen tagogi, a kuma shinshina. In an shiga, ki riƙa buɗe taga lokacin girki da bayan wanka, kada ki shanya jiƙaƙƙun kaya a ɗaki a rufe. In kin ga funfuna ta fito, a ɗauki hotonta a rubuta wa mai gida, domin gyaran rufi da bango da bututu da tukunyar ɗumi duk haƙƙinsa ne.

Tambaya ta biyu ita ce ta sutura, wadda na san ita ta fi damun mu matan kulle. 'Yar'uwa, a can babu zaure, babu soro, babu tsakar gidan da za ki zauna da ɗaurin ƙirji ki yi tankaɗe. Ƙofa tana kallon hanya, tagar falo ma haka. Abin da ya raba ki da maƙwabci ɗan shingen katako ne ko na shuke-shuke, in ya hau benensa kuwa yana hangen bayan gidanku tsaf. Ba a kuma ta da katanga yadda aka ga dama. Ba tare da izinin hukuma ba, shinge ba ya wuce mita 2, in ta bakin titi ne mita 1, ɗan haya kuma ko wannan sai mai gida ya yarda. A ƙauyen Ingila akwai tsofaffin hanyoyin ƙafa da doka ta ba kowa damar bi, wata ta cikin gona, wata ta gefen gida, masu yawo da karnuka suna wucewa safe da yamma. To a tambaya ko akwai irinta kusa. Maganin taga kuwa labule ne mai shara-shara, haske ya shigo amma ba a ganin ciki.

Ga kuma wani haƙƙi naki da ya kamata ki riƙe da kyau. Mai gida ko dillalinsa ba su da ikon faɗo miki haka kawai don suna da makulli. Dole su ba da sanarwa a rubuce, aƙalla awa 24 kafin su zo, kuma a lokacin da ya dace, sai fa in gaggawa ce kamar gobara ko fashewar bututu. Kina iya neman a sa ranar da maigida yake gida.

Tambaya ta uku, nisa. A nan gida kina ɗakinki mai talla zai yi sallama, ki aiki yaro ya sayo miki magi, maƙwabciya ta leƙo ta kan katanga ku gaisa. A can babu ko ɗaya. Yara daga shekara biyar dole suna makaranta. Ƙauye yakan kasance da coci, da gidan giya, da zauren taro, in an yi sa'a da ɗan kanti guda. Wani ƙauyen bas sau kaɗan yake zuwa a rana, ran Lahadi ma babu. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi sun kai kusan miliyan 3.9 a Ingila da Wales, amma yawancinsu a birane suke, irin su Landan da Bamingam da Mancesta da Lesta. Ke nan masallacin Juma'a da mahaucin halal da Islamiyyar yara suna iya kasancewa tafiya mai nisa a mota. A ƙirga mil nawa ne zuwa kowannensu, da asibiti, da makaranta. In makarantar da ta fi kusa ta wuce mil 2 ga yaron da bai kai shekara takwas ba, ko mil 3 ga wanda ya kai, ƙaramar hukuma ce take ɗaukar nauyin kai shi. Lasin tuƙin Nijeriya kuma wata 12 kawai yake aiki, daga nan sai an ci jarrabawarsu. Ki tambaya ko wayar salula da intanet suna kamawa sosai a gidan, domin da su za ki yi cefane a kawo miki har ƙofa, da su kuma za ki ji muryar Hajiya in kewa ta taso.

Yanzu mu zo kan kuɗi da takardu. A wurinmu shekara guda ake biya ko biyu. A can wata-wata ne. In kun ga gida kuna so a riƙe muku, kafin alƙalamin bai wuce kuɗin hayar mako ɗaya ba. Sannan akwai kuɗin ajiya na ko-ta-kwana saboda ɓarna, wanda dokar 2019 ta ce kada ya wuce hayar mako biyar a gidaje irin na talakawa. Misali, in haya fam 1,300 ce a wata, mako ya kama fam 300, ajiyar ke nan ba za ta haura fam 1,500 ba. Dokar nan kuma ta hana dillali karɓar la'ada a hannun ɗan haya. Kuɗin ajiyar ba aljihun mai gida zai sa ya manta ba. Cikin kwana 30 dole ya yi rajistarsu a ɗaya daga cikin hukumomi uku da gwamnati ta amince da su, ya kuma ba ku shaida. Ranar da kuka shiga, ki bi ɗaki-ɗaki da waya ki ɗauki hoton kowane tabo a kafet da kowane tsagu a bango, domin da shi za a yi hukunci ranar fita.

Tun daga 2016 mai gida a Ingila dole ya duba takardun zama na duk baligin da zai kwana a gidan, har da ke. Kada ki ji haushi, doka ce. Ki kuma roƙi maigida a sa sunanki tare da nasa a yarjejeniyar, ki san inda aka ajiye ta. Rai da ajali, in wani abu ya faru kina da tsayayyar hujja a hannu. Amma ki sani, wanda sunansa yake ciki, bashin haya yana kansa shi ma. Akwai kuma sabuwar dokar 'yan haya da aka sa wa hannu a Oktoba 2025, aka tsayar da 1 ga Mayu 2026 a matsayin ranar fara aiki da manyan sassanta. A ƙarƙashinta ba a korar ɗan haya sai da dalilin da doka ta sani, ba a ƙara kuɗin haya fiye da sau ɗaya a shekara, ba a neman biyan fiye da wata ɗaya gaba, ba a kuma ƙin mutum don yana da yara. In ku ne za ku tashi, sanarwar wata biyu za ku bayar. Mai gida ba shi da ikon canza kwaɗo ko watso muku kaya waje, sai ya bi ta kotu. In an sami matsala, ƙungiyoyin Citizens Advice da Shelter suna ba da shawara kyauta.

Kada a manta, haya ba ita ce ƙarshen lissafi ba. Akwai harajin ƙaramar hukuma da ake ɗora wa kowane gida, kuma yawanci mazaunin gidan ne yake biya, ga wuta, ga ruwa, ga kananzir ɗin nan. Wani gidan ƙauyen ma ramin sokawe gare shi, sai a tambaya wa zai biya kuɗin kwashewa. Sannan a yi hattara da 'yan damfara masu sa hoton gida a intanet su ce a turo kuɗi tun daga nan. Gani ya kori ji. Kada kwabo ya fita sai maigida ko wani amintacce ya shiga gidan da ƙafarsa.

Sauran 'yan ƙananan abubuwa na mu mata. A kowane hawa na gidan akwai ƙararrawar hayaƙi a maƙale a sama. In kika sa turaren wuta a kasko a ƙarƙashinta, ihunta sai ya tara miki maƙwabta. Kada ki cire ta, rai take tsarewa, ki dai rage garwashi ki buɗe taga. Garwashin gawayi kuwa kada ki kuskura ki kunna shi a ɗaki a rufe don jin ɗumi, hayaƙinsa yana kisa ba a ankara ba. Banɗakin bene sau da yawa ƙasansa katako ne, babu magudana, in kina kwara ruwan buta a ƙasa zai ɗiga ta silin, a cire kuɗin gyara daga ajiyarku. A yi alwala a cikin bahon wanka ko a kwamin wanke hannu. Shara kuma rarraba ta ake yi, kowane kwando da ranarsa. Sannan gidan haya ba a tara masa mutane yadda aka saba a nan. Baƙon kwanaki babu laifi, amma in Hajiya za ta zo zaman jego na watanni, a sanar da mai gida tukuna.

Ban faɗi wannan duka don in tsorata ki ba. Ƙauyen Ingila akwai natsuwa, akwai iska mai kyau, makarantun firamarensu ƙanana ne, malami ya san kowane yaro da sunansa. Mutanensu ba su cika shiga harkar wani ba, amma in kin gaishe su za su amsa, in kin aika musu da cincin ranar Sallah za ki ga sun saki fuska. Maƙwabci maƙwabci ne ko ba addininku ɗaya ba. In kuma kun auna kun ga nisan ya yi yawa, ba laifi ba ne ki ba maigida shawara a nemi gida a wani ɗan gari mai masallaci da kasuwa, shi ya riƙa ƙara 'yan mintoci a hanya. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya huta, ki kawo maganar da hujjojinki.

A nan za mu dasa aya. Masu shirin tafiya Allah ya kai ku lafiya, ya haɗa ku da maƙwabta nagari. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum, a huta lafiya.