Takardar Likita Ita Ce Garkuwar Ma'aikaci

Sau da yawa a zangunanmu, daga Nima ta Ankara har Kumasi, mukan ji ɗan'uwa ya kwanta ciwo mako biyu, ya koma wurin aiki ya tarar an ba wani gurbinsa. Sai ya ce haka Allah ya ƙaddara, ya haƙura. Alhali kuwa doka tana bayansa.

Dokar Ƙwadago ta Gana ta 2003, mai lamba 651, ta faɗa a sashe na 63 cewa korar ma'aikaci saboda ciwo ko rauni na ɗan lokaci ba ta kan ƙa'ida, muddin likitan da hukuma ta amince da shi ya tabbatar da ciwon. Sashe na 24 kuma ya hana a lissafa kwanakin jinyar cikin hutun shekara.

To, a nan ne muke tuntuɓe. Mutuminmu ya karye, sai gidan maɗori. Zazzaɓi ya kama shi, sai jiƙo. Ba mu raina maganin gargajiya ba, amma ranar shari'a takardar asibiti za a tambaya.

Saboda haka 'yan'uwa, mu je asibiti tun ranar farko, mu karɓi takarda, mu aika wa maigida, mu ajiye kwafinta. In duk da haka aka yi kora, sai a kai ƙara Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa. Sashe na 64 ya ba ta ikon sa a mayar da mutum aikinsa ko a biya shi diyya. Allah ya ba mu lafiya.