Kogin Klamat: an rushe baraji huɗu, kifi ya koma gida

A ƙasashenmu na Sahel, idan aka ce an gina madatsar ruwa, wato baraji, sai a yi ta murna, domin kuwa ruwa shi ne abin da muka fi rashi. Saboda haka mai karatu zai yi mamakin jin cewa a Amurka an kashe kimanin dala miliyan 500, abin da ya kusa miliyar 300 na sefa, domin a rushe baraji huɗu da ke bisa kogi guda.

Sunan kogin Klamat. Yana tasowa daga jahar Oregon, ya ratsa arewacin Kalifoniya, ya faɗa cikin tekun Pasifik. An kammala baraji na farko, Copco 1, a shekarar 1918. Na ƙarshe kuma, Iron Gate, a 1962. Dukansu an gina su ne domin wutar lantarki kawai, ba su shayar da gonar kowa.

To amma akwai wani kifi da ake kira salmon, wanda rayuwarsa ke da ban al'ajabi: a cikin kogi ake ƙyanƙyashe shi, ya gangara teku ya girma, sa'an nan ya hauro ruwa har inda aka haife shi ya zuba ƙwai. Da aka gicciya masa bangon siminti, sai hanyar kusan kilomita 640 ta toshe. Ruwan da aka tare kuwa, da bazara sai ya yi ɗumi, gansakuka mai guba ta rufe shi. Ƙabilun Yurok da Karuk, ƴan asalin yankin tun kafin zuwan Turawa, wannan kifi shi ne cimarsu, kamar yadda hatsi yake gare mu. A watan Satumba na 2002, bayan da gwamnati ta fifita manoman sama wajen rabon ruwa, manyan kifaye fiye da dubu 30 suka mutu, gaɓar kogi ta cika da wari.

Daga nan ƙabilun suka tashi tsaye, shekara ashirin suna zanga-zanga da shari'a. Sai dai a faɗi gaskiya, ba tausayi ne ya karya kamfanin PacifiCorp mai barajin ba, lissafi ne. Lasisinsa ya ƙare a 2006, kuma sharaɗin sabunta shi shi ne a gina wa kifi matakalar hayewa, aikin da ya fi rushewar tsada, alhali wutar da barajin ke bayarwa ba ta kai kashi 2 cikin ɗari na abin da kamfanin ke samarwa ba. Hukumar makamashi ta tarayya ta ba da izini a Nuwamba 2022, aka soma aiki a 2023, aka gama a Oktoba 2024. Cikin wannan watan aka ga salmon a ruwan Oregon, karo na farko tun 1912.

Abin bai zo ba tare da asara ba. Taɓon da ya taru shekara ɗari ya gangara ya kashe kifaye, waɗanda suka gina gidaje a bakin tafkin Copco kuwa suka wayi gari tafkin ya tafi.

Mutanen Maraɗi sun san zaman ƙasan baraji. Gulbin Maraɗi daga Najeriya yake shigowa, kuma tun da aka kammala barajin Jibiya cikin jahar Katsina, ambaliyar da ke jiƙa fadama ta cika tafkin Madarumfa ta ragu, masu garka suka koma ga rijiya da injin ban ruwa. Babu mai hankalin da zai ce a rushe Jibiya, tun da yake dubban manoma na ci daga gare ta. Abin da na ƙasa ke buƙata shi ne a riƙa sako musu rabonsu a kan lokaci, kuma takardar da ta ba su wannan haƙƙi tana nan: yarjejeniyar Maiduguri ta 1990, wadda Nijar da Najeriya suka sa wa hannu bisa rabon ruwan Maggiya, da Gulbin Maraɗi, da El Fadama, da Komadugu Yobe.