Kula da Fuska a Garin Rana da Habub

Masu iya magana sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, a nan Khartum da Omdurman fuska takan ba da har labarin garin da mai ita yake zaune. Daga watan Afrilu zuwa Yuni zafi yakan haura digiri 40 kusan kowace rana, sa'an nan guguwar habub ta taso ta lulluɓe gari da jar ƙura. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuma iskar arewa ta zo ta busar da leɓe da kumatu, tamkar hunturun da kakanninmu suka baro a Kano da Sakkwato. Sauran jiki yana da jallabiya da tob suna kāre shi, fuska kuwa ita ce a waje, ita ke shan rana, ita ke shan ƙura.

Duk da haka kula da ita ba ya bukatar dukiya. Wanki mai sauƙi, da ɗan man shafawa, da inuwa, su ne jigon al'amarin. A ganinmu ma, yawancin fuskokin da muke gani sun lalace a unguwanninmu yawan taɓawa ne ya lalata su, wato yau a shafa wannan, gobe a dirje da wancan.

Kafin a sayi komai ya kamata mutum ya san irin fatarsa, kuma sanin ba wuya. A wanke fuska, kada a shafa komai, a jira kamar awa ɗaya, sa'an nan a ɗora farar takarda marar kauri a goshi da hanci da kumatu. In takardar ta jiƙe da maiƙo ko'ina, fatar mai maiƙo ce. In ba ta ɗauki komai ba, fuskar kuma tana ɗaurewa tana yin fari-fari, busasshiya ce. Mutane da yawa suna tsakani, goshi da hanci na ƙyalli, kumatu a bushe. Akwai kuma fata mai saurin fushi, wadda turare ko sabon sabulu kan sa ta ƙaiƙayi da zafi nan take. Fatar mutum ɗaya ma takan sauya: wadda ke naso a watan Mayu ita ce ke tsagewa a Janairu, don haka man da ya dace da sanyi ba lalle ne ya dace da bazara ba.

Batun wanki shi ne inda aka fi yin kuskure. Allah ya halicci fata da wani siririn rufi na maiƙo mai ɗan tsami, wanda ke riƙe ruwa a ciki, ya kuma hana ƙwayoyin cuta shiga. Sabulun wankin tufafi da garin omo aikinsu shi ne cire maiƙo ko ta halin ƙaƙa, saboda haka in aka sa su a fuska sai su kwashe wannan rufi gaba ɗaya. Mai busasshiyar fata sai ta tsage masa. Mai maiƙo kuwa fatar ta harzuƙa, ƙurajen da ake gudu su ƙaru. Mu da muke alwala sau biyar a yini, ruwa yana taɓa fuskarmu isasshe. Sabulu mai laushi sau biyu, da safe da kuma kafin a kwanta, ya wadatar, mai busasshiyar fata ma na dare kaɗai ya ishe shi. Kada a yi da ruwan zafi, kada a sa soso. Ranar da habub ta taso, a fara ɗauraye ƙurar da ruwa zalla kafin hannu ya murza, domin yashi ne, yana kartar fata.

Shi kuma mai, lokacin shafa shi ya fi tsadarsa muhimmanci. A shafa fuska tana da sauran danshi, don man ya kulle ruwan a ciki. Ga busasshiyar fata da ta tsofaffi, basilin ko man kaɗanya ko man riɗi, wanda ba ya wuyar samu a ƙasar da take noman riɗi kamar Sudan, duk suna aiki. Mai yawan ƙuraje ya nisanci mai mai nauyi, ya nemi ruwa-ruwa marar turare. Karkar na gashi ne, kuma idan ya gangaro goshi yakan toshe ƙofofin fata ya haifar da ƙananan ƙuraje a bakin gashi, 'yan mata su lura da wannan.

Wasu mazan za su ce wannan zancen mata ne. A zo Mantiƙa Sinaiya a duba fuskar makanike da mai walda da mai fentin mota. Baƙin mai da giris suna toshe ƙofofin gashi su kawo ƙuraje masu baƙin kai a fuska da wuya da damatsa, kuma ɗabi'ar wanke hannu da fetur sa'an nan a share gumi da shi tana ƙone fata. Hasken walda irin na rana ne mai ƙuna, ba ido kaɗai yake ci ba, har kumatu da wuya, don haka ɗan gilashin da ake karawa a ido bai isa ba, sai garkuwar da ke rufe fuska duka. Iyayen gida a gareji su dubi yaran da aka ba su amana, su tanadi sabulu da tsumma mai tsabta. Ga kuma ƙurajen aski da ke damun masu murɗaɗɗen gashi irin namu: gashin da aka aske ƙwal yakan lanƙwashe ya koma cikin fata. Maganinsa a bar gemu ya huta na 'yan makonni, in za a aske a bi yadda gashin ya kwanta, ko a rage da inji. Reza kuwa kowa da tasa.

Shekaru ma suna da nasu hukunci. Fuskar jariri ruwa mai ɗumi kawai take so da ɗan basilin in ta bushe, ba hoda ba turare. A nan muna roƙon iyayenmu mata da kakanni su yi mana haƙuri a kan kwalli. Kwallin dutse da aka saba da shi yawanci akwai dalma a cikinsa, dalma kuma guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro ko da kaɗan ce. Mun san Hajiya za ta ce haka aka yi mana muka girma, amma likitoci sun auna jinin yaran da ake sa wa sun ga abin da ke ciki.

Da zarar yaro ya fara balaga fatarsa takan ƙara maiƙo, ƙuraje su fito. Ba ƙazanta ba ce, ba kuma wani ya yi masa baki ba. Babban abin da za a hana shi shi ne matsa, domin a baƙar fata ƙurji kan warke cikin mako guda, amma baƙin tabon da matsa ta bari sai ya yi watanni. Man goge baki da lemun tsami da toka duk ƙuna suke ƙarawa. A kantin magani akwai man shafawa mai suna benzoyil feroksaid, mai ƙarfin kashi 2.5 ko 5 cikin ɗari, wanda ke taimakawa, sai dai yana bukatar haƙurin mako shida zuwa takwas. In ƙurajen manya ne masu zurfi da ciwo, a tafi wurin likitan fata tun ba su bar ramuka ba. Mai juna biyu kada ta sha ko ta shafa maganin ƙuraje sai likita ya sani, don wasunsu suna nakasa ɗan tayi. Duhun da kan fito mata a kumatu da goshi a wannan lokaci kuwa sau da yawa yakan ragu bayan haihuwa, in an guji rana.

Daga shekara arba'in zuwa sama fata takan rage maiƙo da kauri, musamman ga mace bayan ɗaukewar al'ada. Sai a rage sabulu a ƙara mai. Duk gyambon da ya ƙi warkewa bayan wata guda, ko tabon da ke girma yana sauya kama, a nuna wa likita.

Yanzu sai mu zo ga abin da ya sa muka ɗauki alƙalami. Mu da muke tsayawa gaban allo muna ganin yarinya ta tafi hutu da launinta, ta dawo fuska ta yi ja, gaɓoɓin yatsu kuwa baƙi ƙirin. Kafin yaƙi babu wanda bai san shagunan nan da ake kira gadar zurufak ba, wato daidai ƙarfinka, inda ake gauraya mayuka iri-iri a auna wa yarinya a cokali gwargwadon kuɗin da ke hannunta, ba suna ba takarda. Abubuwa uku aka fi samu a irin wannan haɗi, kuma ya kamata kowace uwa ta san su.

Na farko kotizon, irin wanda ke cikin Dermovate da Betnovate. Waɗannan magunguna ne na gaskiya, likita kan rubuta su don cutar fata na 'yan kwanaki. Suna takura jijiyoyin jini su rage launi, sai mai shafawa ta ga ta yi haske cikin mako biyu ta ɗauka ta dace. Bayan watanni fatar ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, ƙuraje da gashi su fito a fuska, makero da ƙyasbi su samu wurin zama, rauni ya daina saurin warkewa. In ana shafe jiki duka da shi yakan shiga jini ya kawo hawan jini da ciwon sukari. Mugun tarkon shi ne, ranar da ta daina sai fuskar ta yi zafi ta kumbura ta yi duhu fiye da da, sai ta koma da gudu. Saboda haka wadda ta daɗe tana shafawa kada a ƙwace mata rana ɗaya da faɗa, a kai ta wurin likita ya janye mata shi sannu a hankali.

Na biyu haidirokwinon, wanda ke hana fata yin melanin, wato sinadarin da ke ba ta launi ya kuma kāre ta daga rana. Daɗewa ana shafa shi a ƙasa mai rana irin tamu yana kawo wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kan ƙashin kumatu, mai wuyar magani ƙwarai. Likitocin Afirka ta Kudu ne suka bayyana wannan cuta a 1975, ƙasar ta hana sa shi a kayan kwalliya a 1990, Tarayyar Turai ta bi sahu a 2001. Garin neman gira ke nan an rasa ido. Na uku zaiba, wadda ake sawa a wasu sabulai da mayuka. Ita ƙoda take ci da jijiyoyi, tana kuma ratsawa ta kai ga ɗan da ke ciki da wanda ke shan nono. Yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta ƙayyade ta a kayan kwalliya, a taron 2023 kuma ƙasashe suka amince a hana ta ɗungum daga 2025. Amma doka a takarda ba ta hana kwalba tsallako iyaka.

Laifin ba na yarinya kaɗai ba ne. Muddin saurayi zai ce sai fara, gwaggo kuma ta dubi amarya ta ce ba a gyara ta ba don ba ta yi haske ba, to kasuwar cokali ba za ta mutu ba.

Wani zai tambaya, to dilka da dukhan fa? Waɗannan gadon matan Sudan ne, kuma yau har amaren Maiduguri da Kano ba sa tarewa sai an yi musu dilka da halawa. Dilka ta asali garin dawa ce da mahlab da kanumfari da sandal, a turara ta da hayaƙi. Aikinta murje matacciyar fata, kuma tana yi. Sai dai an yi ta ne domin jiki, fatar fuska ta fi laushi, don haka sau ɗaya a mako da hannu marar nauyi ya isa, mai ƙuraje ko mai saurin ƙaiƙayi kuma ta bar ta. Fata tana sabunta kanta cikin kamar mako huɗu, dirza ba ta sa ta sauri. A kuma tambayi mai haɗawa abin da ta zuba, domin akwai masu cakuɗa man bilicin a ciki su kira shi dilka. A dukhan, inda mace ke zama kan ramin hayaƙin itacen talh ta lulluɓa da shamla, iyayenmu tun asali kai a waje suke barin sa, a bar shi a haka, mai asma kuma ta haƙura. Baƙin rinin nan na dutse da ake zubawa a lalle don ya yi saurin kamawa, kada ya kusanci gira ko fuska. Yana sa fata ta yi bororo, kuma asibitocin Khartum sun daɗe da sanin yadda yake kumbura maƙogwaro ya kashe ƙoda in ya shiga ciki.

Rana kuwa, baƙar fata tana da kariya amma ba cikakkiya ba, kuma rana ce ke ƙara wa kowane tabo duhu. Daga ƙarfe goma na safe zuwa la'asar a nemi inuwa, a ja gefen tob ko rawani, mai aiki a fili ya sa malafa. Mai hali ya sayi man kariyar rana mai lamba 30 ko fiye. Ga zabiya da wadda ta riga ta yi bilicin wannan dole ne, domin rana tana iya kai su ga ciwon dajin fata.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya watsa jama'armu zuwa Gadarif da Kasala da Bur Sudan da wasu ƙasashe, ya kuma lalata tashoshin ruwa da kantunan magani. Tun da sojoji suka sake karɓe Khartum a watan Maris 2025 mutane suka fara komowa. Wanda ya dawo ya tarar da mayuka a gida ko a shago, ya tuna sun yi bazara biyu ko fiye a ɗaki rufe, ya duba ranar ƙarewar aikinsu, in sun sauya wari ko sun rabu ruwa daban mai daban ya zubar. Inda ruwan da ake samu mai gishiri ne ko mai yawan kulorin, a rage sabulu, a shafa mai nan da nan bayan wanki. Inda ake cunkushe a gida ɗaya, kowane yaro a ware masa tsummansa na goge fuska, don makero da ciwon ido ta tawul suke yawo. Abin da za a saya kuma a saye shi a kwalbarsa a rufe, mai sunan kamfani da jerin abin da ke ciki, a fara gwada kaɗan a bayan kunne kwana biyu kafin a kai shi fuska.