Ba Kowane Katun Ba Ne Wasan Yara: Maraici da Mafarki a Labaran Batman da Superman

Akwai wata magana da na gaji da ji a bakin iyaye: "Ai katun ne, ƙyale shi ya kalla." Da zarar an ga zane yana motsi a talabijin ko a waya, shi ke nan an samu mai raino kyauta. Uwa ta shiga kicin, uba ya tafi majalisa, yaro kuma yana can ya ƙura wa gilashi ido har barci ya ɗauke shi. Wasu iyayen kuma da sun ga katun sai su fizge waya, su ce shirme ne da ƙaryar Turawa. Duk ɓangarorin biyu abu ɗaya ke damun su: ba su taɓa zama sun kalli abin da suke yanke wa hukunci ba.

Katun dai fim ne da aka yi da zane, kowa ya sani. Wanda nake nufi a nan shi ne na jaruman Amurka masu ƙarfin da ya wuce misali, irin su Superman da ya fara fitowa a mujallar zane a 1938 da Batman da ya biyo shi a 1939. Abin da yawancin iyaye ba su sani ba shi ne duk su biyun marayu ne. An harbe iyayen Bruce Wayne, wato Batman, a gaban idonsa yana ƙaramin yaro. Superman kuwa jariri ne lokacin da mahaifinsa Jor-El ya saka shi a kumbo ya turo shi duniyarmu, duniyarsu Krypton ta tarwatse da kowa da kowa, wasu manoma a jihar Kansas suka tsince shi suka raina. Idan aka ɗauke naushi da tashi sama, abin da ya rage a labaran nan shi ne mutum biyu da ke kewar iyayensu.

Masu cewa babu komai a ciki sai shirme, ga misali. A 1992 aka fara nuna jerin Batman: The Animated Series, wanda Bruce Timm da Eric Radomski suka tsara. A wani kashi mai suna Perchance to Dream, Bruce ya farka da safe ya tarar mahaifinsa da mahaifiyarsa suna raye cikin gida. An sa masa rana da wata mai suna Selina Kyle. Wani daban ne ke aikin Batman, shi kuwa ba shi da wata damuwa. Ya yi gardama da farko, daga baya ya saki jiki ya fara murna. Sai ya ɗauki jarida, ya ga haruffa sun cakuɗe ba sa karantuwa, nan ya gane mafarki yake yi. Ashe wani abokin gabansa, Mad Hatter, ya sa masa na'ura a ka, ya ba shi rayuwar da yake bege don ya rabu da shi. Bruce ya ƙi. Ya zaɓi ya farka ya koma maraicinsa da ya zauna da iyayen ƙarya. Kevin Conroy, wanda ya yi muryar Batman shekara da shekaru kafin rasuwarsa a 2022, ya sha bayyana wannan kashin a matsayin wanda ya fi so.

A cikin jerin dai akwai Heart of Ice, wanda Paul Dini ya rubuta. Mugun labarin, Mr. Freeze, asalinsa masanin kimiyya ne mai suna Victor Fries. Matarsa Nora ta kamu da cutar da ba ta da magani, sai ya daskarar da ita cikin na'ura yana fatan wata rana a samo waraka. Mai kamfanin da yake wa aiki ya zo ya ce a kashe na'urar saboda tana cin kuɗi. Daga nan mutumin ya zama abin da ya zama. Wannan kashin ya ci lambar yabo ta Emmy a fannin rubutu. Yaron da ya kalle shi ya ga yadda baƙin cikin da aka ƙi haƙuri da shi ke mayar da mutumin kirki azzalumi.

Wanda ya fi duka nauyi shi ne For the Man Who Has Everything, a jerin Justice League Unlimited na 2004, wanda aka ɗauko daga labarin da Alan Moore ya rubuta, Dave Gibbons ya zana a 1985. Ranar zagayowar haihuwar Superman, abokansa Batman da Wonder Woman suka kai masa kyauta, suka same shi a sandare, wani tsiro ya naɗe masa ƙirji. Mugu Mongul ne ya aiko da shi. Aikin tsiron shi ne ya nuna wa mutum abin da zuciyarsa ta fi so, ya riƙe shi a ciki yana tsotsar jikinsa. Me Superman ya gani? Ba mulki ya gani ba, bai ga dukiya ba. Ya ga Krypton ba ta fashe ba, yana noma, mahaifinsa na raye, yana da mata, yana da ɗa mai suna Van-El. Kafin ya kuɓuta sai da ya durƙusa ya rungume yaron, ya gaya masa yana son sa amma ya gane shi ba gaskiya ba ne, sannan ya kalli duniyar tana rushewa. Da tsiron ya koma kan Batman, shi kuma sai ya ga mahaifinsa ya ƙwace bindiga yana dukan ɗan fashin da a zahiri ya harbe iyayen Batman. Batman da ba ya dariya ya yi murmushi. Da aka fizge tsiron, harbin ya sake tashi.

To, wannan ne shirmen? Wannan ne abin da za a bar ɗan shekara shida ya haɗiye shi kaɗai da daddare, wataƙila ma yaron da bai daɗe da rasa uwa ba?

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, masu zanen katun a Amurka sun yarda yaro zai iya fuskantar maganar mutuwa, mu kuwa da muke taƙama da imani da ƙaddara sai mu ce wa maraya "Babanka ya yi tafiya, zai dawo da tsaraba." Yaro ya yi ta tsayuwa a bakin zaure yana jira, har ranar da wani ɗan unguwa zai faɗa masa gaskiya cikin faɗa. Wannan ƙaryar da tsiron Mongul duk kanwar ja ce: daɗi na ɗan lokaci, sannan a sake ɗanɗana mutuwar sabuwa fil, a ƙara da sanin cewa na gida sun yaudare shi. Kewar wanda aka rasa ba raunin imani ba ne. Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da Annabi Yusuf har idanunsa suka yi fari, kuma babu wanda ya isa ya ce bai yi haƙuri ba.

Na san akwai talauci, da yawan aiki, da rashin jin Turanci, duk suna taimakawa wajen sakacin nan. Amma ga abin da kowa zai iya yi.

Da farko, kafin ka ba yaro wani katun, kalli ko da kashi ɗaya ne da kanka. Ba sai kana jin Turanci ba, ido ya isa ya nuna maka jini ko tsiraici. Akwai katun da aka yi don manya zalla, kamar Invincible da ya fara fitowa a 2021. Zanensa kamar na yara, amma kisan da ke ciki ko babba sai ya kawar da kai. Duba alamar shekarun da aka rubuta a jikin fim. Kada ka dogara da mai tura finafinai a shagon caji, shi cika maka memori kawai ya sani.

Na biyu, zauna tare da shi ko da sau ɗaya a mako. Idan an gama, tambaye shi: me ya sa Superman ya yi baƙin ciki? Da kai ne, za ka yarda ka farka? Yaron da ba zai iya cewa yana kewar mahaifiyarsa ba, sau da yawa zai iya cewa Batman yana kewar tasa, daga nan kai kuma ka san inda maganar ta dosa. Ka kuma fayyace masa abin da ba a kwaikwayo. A Perchance to Dream, Bruce ya diro daga saman hasumiya ne don ya farka, dole a gaya wa yaro cewa a zahiri wanda ya yi haka ba ya tashi.

Na uku, idan an yi rasuwa a gida, a faɗa wa yaro gaskiya daidai hankalinsa. A ce Allah ya karɓi ransa, ba zai dawo ba, muna yi masa addu'a. Kada a ce barci yake yi, don wani yaron daga ranar zai fara tsoron kwanciya. A bar shi ya yi kuka. A daina ce wa ɗan shekara bakwai "kai namiji ne."

Na huɗu, idan ya ce ya yi mafarkin mamacin, kada a daka masa tsawa, kada kuma a yi saurin cewa aljanu ne. Mafarkin wanda aka rasa abu ne da ke faruwa ga yara da manya. A saurare shi, a koya masa addu'ar barci, a ba shi sadaka ya miƙa da hannunsa a madadin mamacin. A riƙa ba shi labarin halin kirkin uban ko uwar, a nuna masa hoto idan akwai.

Idan kuwa watanni suka wuce yaro ba ya cin abinci, ba ya wasa, ya koma fitsarin kwance, ko yana cewa yana so ya bi mamacin, wannan ya wuce maganar katun. A kai shi asibiti a ga likita, kuma a sanar da malaminsa na boko da na Islamiyya halin da yake ciki.